Kaset ɗin ajiyar mahaifinmu sun ƙi karantuwa a tsohuwar kwamfuta: ta ina zan fara?

"Malam, ina gaisuwa. Ni ɗan unguwar Zariya ne a nan Maradi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwa ne, tun shekarun 1990 yake ajiye lissafin shagonsa da bayanan filayensa a kwamfuta. Bayan rasuwarsa mun sami kwamfutar a ɗakin ajiya, mai Windows 98, da ƙananan kaset tara a kwali. An buga DC2120 a jikinsu, shi kuma ya rubuta shekara a kan kowanne da hannunsa. A ƙarƙashin wurin disket akwai bakin da kaset ɗin ke shiga. Kwamfutar tana tashi, amma kwanan watanta ya rikice, kuma kullum sai na danna F1. Na sa kaset ɗaya, ya yi ƙara ya tsaya, da na zaro shi na ga baƙin abu kamar kwalta a bakinsa. Manhajar ajiya kuma tana cewa ba ta ga na'ura ba. Wani abokina ya ce direba ne ya lalace, in sake zuba Windows. Muna bukatar bayanan nan saboda rabon gado. Me zan yi?"

Amin, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa. Ɗana, tun kafin ka gama karanta amsar nan ka riƙe magana biyu. Kada ka ƙara sa ko ɗaya daga cikin kaset takwas da suka rage a injin nan, kuma kada ka bar kowa ya sake zuba Windows. Abokinka alheri yake nufi, amma shawararsa za ta share maka abin da ya fi komai amfani a cikin akwatin, zan nuna maka dalili.

Abin da ka bayyana ba ciwo ɗaya ba ne. Kwaltar da ka gani roba ce ta narke a cikin injin. Rikicewar kwanan wata batir ne ya mutu. Rashin ganin na'urar kuwa yana iya fitowa daga batir ɗin, ko waya, ko wuta, kuma direba, wato ƴar manhajar da ke sa Windows ta iya magana da na'ura, shi ne na ƙarshe da nake zargi. A shekarun da na yi ina buɗe irin waɗannan akwatuna, ban cika ganin direba ya lalace don kansa a kwamfutar da aka rufe aka ajiye ba. Rubutu ne a kan faifai, yadda aka bar shi haka ake tarar da shi. Abin da zafi da ƙura da shekaru ke ci shi ne roba da batir da bakin waya. Kuma ka sa a ranka cewa kaset kake son ceta, ba inji ba. Inji ana samun wani, abin da mahaifinku ya rubuta babu na biyunsa.

Abin da ke hannunka

Kaset ɗinka daga dangin QIC suke, masu zare mai faɗin rubu'in inci, wato milimita 6 da ɗan kai. Kamfanin 3M na Amurka ya fito da irinsu a 1972, manya a lokacin, daga baya aka yi ƙanana irin naka don kwamfutocin gida da ƙananan ofisoshi. DC2120 yana ɗaukar megabait 120 a tsarin QIC-80. Lambar 250 da ake gani a goshin injuna da yawa lissafi ne na in an matse bayanan. Kamfanoni irin su Colorado da Conner da Iomega sun ƙera injunan da yawa, kuma a 1995 aka fito da Travan, wanda na farkonsa ke ɗaukar megabait 400. A zamanin da faifan kwamfuta bai wuce megabait ɗari biyu ko uku ba, kaset ɗaya ko biyu sun isa a kwashe komai. Mahaifinku ya yi abin da ƴan kasuwa kaɗan suka yi tunanin yi a lokacin.

Ƙirar kaset ɗin ce ke bayyana duk abin da ya same ka. Ka tuna kaset ɗin rediyo, yana da huda biyu da ƙusoshin rediyo ke shiga su juya zaren. Wannan ba shi da su. A cikinsa akwai siririn bel na roba da ya zagaye naɗin zaren guda biyu, yana matse su. A bakin kaset akwai ƴar taya ta leda. A cikin inji kuma akwai taya ɗaya mai rigar roba a kan mota, wato ɗan injin lantarkin da ke juya ta. Tayar inji tana goga tayar kaset, ita ta ja bel, bel ya ja zare. Ke nan roba biyu ce ke riƙe da rayuwar bayanan, ɗaya a inji, ɗaya a kaset, kuma dukkansu sun haura shekara ashirin da biyar suna shan zafin Maradi a ɗakin ajiya.

Sai abu na biyu. Ƙarshen zaren ba a manne yake da sandar naɗinsa ba, naɗi ne kawai ke riƙe shi. Kusa da farko da ƙarshe an huda ƴan ramuka a zaren, inji yana haska fitila ta wani ɗan madubi da ke cikin kaset, in haske ya ratsa ramin sai ya san ya zo gaɓa, ya tsaya. In ƙura ta rufe idon da ke ganin hasken, inji ba zai tsaya ba, zai ja zaren har ya zare daga sandarsa.

Na uku shi ne ya fi rikita matasan masu gyara. Irin wannan injin yawanci ba shi da hanyarsa ta kansa, a kan wayar disket yake rataye, faffaɗar wayar nan mai layi 34. Kwamfuta tana yi masa magana ne da siginar da aka yi don matsa kan disket gaba da baya, shi kuma ya ƙirga bugun ya gane umarni. Sunan wannan tsarin QIC-117. Saboda haka ba za ka taɓa ganinsa a jerin BIOS ba, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, ba shi da harafi kamar A ko C, kuma ba ya aiki da ƴar na'urar disket mai USB. Manhajar ajiya ce kaɗai ke nemo shi.

Fara da faifan kwamfutar

Ga dalilin da ya sa na hana ka sake Windows. A kan faifan nan akwai ainihin manhajar da ta rubuta kaset ɗin, da direbanta, da saitinta, kuma sau da yawa da kundin da ke nuna abin da ke cikin kowane kaset. Manhajojin wancan zamani ba kullum suke karanta rubutun juna ba, musamman in an matse bayanan. Wadda ta rubuta ita ta fi cancanta ta karanta, kuma neman ta yau wahala ce babba. Bayan haka, mai yiwuwa ne takardun da kuke nema suna zaune a kan faifan kansa, domin kaset kwafi ne na abin da ke faifai. Na sha ganin mutum ya zo da kwalin kaset hankalinsa a tashe, muka sami abin da yake nema a cikin kwamfutar cikin minti goma.

To, ka kashe kwamfutar, ka cire faifan. Zai kasance irin IDE ne mai ƙusa 40. Ka nemi ƴar na'urar da ke haɗa IDE da USB, masu sayar da kayan kwamfuta sun san ta, in babu a nan ana samu a Kano. Ka haɗa shi da kwamfutar zamani ka kwashe komai, in da hali a ɗauki cikakken kwafin faifan gaba ɗaya, ba fayiloli kaɗai ba. In sabuwar kwamfutar ta ce za ta gyara faifan ko ta tsara shi, ka ƙi. Tsohon faifai da ya daɗe a kwance yana iya tashi yau ya ƙi tashi gobe, don haka duk kunnawar da kake yi kana danna F1 cin rabonsa kake.

Wuta da batir

A kan babban allon kwamfutar za ka ga batir mai kama da kwabo, CR2032, bolt 3. Ana sayar da shi wajen masu agogo. Ka canza shi, ka shiga BIOS, ka gyara kwanan wata. Kafin ka danna F1 ka tsaya ka karanta abin da ke rubuce a allon. In maganar CMOS ce, wato ma'ajiyar saitin da batir ɗin ke riƙewa, batir ne kawai. In ka ga an ambaci Floppy da lamba 40, to kwamfutar tana faɗa maka cewa ba ta jin na'urar disket, kuma tunda injin kaset a kan wayar nan yake, kusan ka kama ɓarawon. A cikin BIOS ka tabbata mai kula da disket, wato sashen allon da ke sarrafa na'urar disket, a kunne yake, A an sa shi 1.44, B kuma an bar shi babu komai. Kada ka sa injin kaset a matsayin B, kuskure ne da ake yawan yi.

Sai ka ɗauki mita ka auna wutar da ke shiga injin. Jar waya bolt 5, rawaya bolt 12, baƙaƙe biyu na tsakiya ƙasa ne. In 12 tana faɗuwa ƙasa da 11.4 lokacin da mota ke juyawa, akwatin wutar ya gaji. Ka leƙa kafasitocin babban allo, ƴan gwangwanayen nan da ke tsaye a kansa, duk wadda kanta ya kumbura ko ta zubar da ruwan ƙasa-ƙasa ta mutu. Akwatin wutar kuwa kada ka buɗe shi da kanka, yana riƙe wuta ko bayan an cire shi daga bango. In za ka canza shi da na gwanjo, ka duba ɗan jan makunnin da ke bayansa. Kayan da suka fito daga Amurka sukan zo a kan 115, mu kuma wutarmu 220 ce, kunnawa ɗaya sai hayaƙi.

Robar da ta narke

Ka kwance injin ka fito da shi kan tebur, wurin haske. Ka leƙa ta bakinsa za ka ga tayar da nake faɗa. Lafiyayya tana da tauri kamar magogin fensir. Taka za ka tarar ta yi laushi, tana kama yatsa, wataƙila ma ta zube gefe ɗaya. Ba laifin kowa ba ne, irin robar ce ke komawa haka in ta tsufa, zafi kuma yana gaggauta ta. Ƙarar da ka ji mota ce ke juyawa a cikin kwalta, tana shafa wa kaset ɗinka.

Gyaran ba ya bukatar kayan waje. Kafin ka kankare, ka auna faɗin tayar daga inda siffarta ta rage, ka rubuta. Sannan ka kankare robar duka da tsinke ko ledar katin waya, ka wanke sandar da alkol har ta yi fes. Alkol mai ƙarfi nake nufi, isofurofil mai kashi 90 ko fiye, wanda masu gyaran waya ke wanke allo da shi. Ban da fetur, ban da turare. Sai ka nemi tiyo na roba da zai shiga sandar da matsi, faɗinsa na waje kuma ya zo daidai da awon da ka ɗauka. Ni tiyon mai na babur nake fara gwadawa, wani lokaci na silikon. Ka yanka shi da sabuwar reza, yanka ɗaya miƙaƙƙe, ka zura, ka juya da yatsa kana kallo. In yana rawa ko yana da tudu, cire ka sake. Wannan wuri yana son haƙuri, domin faɗin tayar shi ke yanke saurin zare. In ta yi ƙanƙanta ko ta yi girma sosai, inji zai ga rubutun yana wucewa da saurin da bai sani ba, ya ce kaset ba shi da kyau, alhali kaset lafiya lau yake.

Tunda injin yana hannunka, ka naɗa auduga a tsinke ka jiƙa da alkol, ka goge kan karatu, wanda masu gyaran rediyo ke ce wa hed. Sannan ka nemo fitila da idon da ke ganin ramukan zare, ka hure su da famfon roba, ka goge a hankali. Wannan idon na taɓa raina shi, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Wata shekara, ƙarshen hunturu, wani ma'ajin ofis ya kawo mini kaset ɗin lissafin albashinsu. Na gyara taya, na goge hed, na manta da ido. Ƙurar hunturu ta yi masa lulluɓi. Na sa kaset, na ji mota ta ɗauki gudu, sai wani ɗan sauti fat, sai juyawa babu nauyi. Zaren ya zare. Na kwana a kansa da fitila da hantsaki, na ɗan jiƙa bakin zaren ya kama sanda, na naɗa da hannu har na wuce ramukan. Allah ya taimaka bayanan suka fito, amma farkon zaren ya yamutse, kuma da yamutsin ya ƙara taƙi ɗaya da ya ci wurin da kundin kaset yake. Tun daga ranar, ido nake fara gogewa.

Bel ɗin da ke cikin kaset

Nan ne aikin ya fi nauyi. Murfin kaset yana nuna ciki, ka ɗaga kowanne a haske ka duba bel ɗin. Ya tsinke? Ya saki? Ya yi fari-fari? Ka juya ƴar tayar bakin da yatsa kaɗan, ba da yawa ba. In naɗin biyu sun motsa tare, zare kuma ya tsaya a miƙe, da sauran ƙarfi. In ɗaya ya motsa ɗaya ya tsaya, ko zare ya yi lanƙwasa, tsaya nan.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne bel ya manne da zare. Shekaru yana danne wuri ɗaya, in aka ja da ƙarfi sai ya ɗauke ƙasa-ƙasan da ke jikin zaren, wanda shi ne rubutun, ya bar leda fara tas. Inda hakan ya faru, babu mai gyaran da zai dawo da shi, a nan ko a Turai. Abin da ke taimako shi ne tsarin QIC-80 yana da kariya. An raba zaren layi 28, kowane yanki yana da gutsure 32, guda 29 na bayani, 3 na gyaran kuskure, kuma bayanin da ke farkon kaset ɗin an rubuta shi sau biyu. Ƙaramin rauni inji yana iya cike shi da lissafi. Babba ne ba ya iyawa.

Ana canza bel. Ana kwance ƙusoshin da ke ƙarƙashin farantin alminiyon, a ɗaga murfi, a riƙe naɗin biyu kada su warware, a cire tsohon a hankali, a sa wani daga kaset marar amfani mai lafiyayyen bel. Faɗarsa da sauƙi. In hannunka bai saba ba, ka nemi dattijon mai gyaran rediyo da bidiyo, irin waɗanda suka yi zamanin kaset a kasuwa, ka zauna kusa da shi ka nuna masa yadda bel ya zagaya kafin a taɓa. Ka ɗauki hoto da wayarka tukuna. Hannun waɗannan mutane ya san zare fiye da na masu gyaran kwamfutar yau. Sukudireban da za a yi aiki da shi kada ya kasance mai maganaɗisu, kaset kuma kada ya kusanci lasifika. Wanda ya sha kwalta, ka goge tayarsa da alkol, kada alkol ya taɓa zare, ka duba ko baƙin ya kai ga zaren kansa.

In ka ga zare yana ɗanko, yana manne wa juna, laimar damina ce ta shige shi. Masana suna gasa irinsa a na'ura mai auna zafi daidai na awoyi masu yawa. Kada ka kwaikwaya da rana ko murhu. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, ka ware shi gefe.

Waya, sannan direba

Ka cire faffaɗar wayar ka mayar sau biyu ko uku a kowane baki, wannan kaɗai yana kankare tsatsar da ba a gani. Jan layin da ke gefenta ya fuskanci ƙusa ta 1 a kowane wuri. In fitilar disket ta kama ta ƙi mutuwa tun daga kunnawa, an juya wayar. Gwajin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne: ka sa disket ka ga ko yana karantuwa. In disket yana aiki, mai kula da shi lafiya yake, hanya a buɗe take har ƙofar injin kaset.

Sai ka saurari injin. Irin wannan kaset ba ya shigewa duka, kusan rabinsa a waje yake tsayawa, kada ka tura da ƙarfi. Da ya zauna, lafiyayyen inji zai ja zare gaba da baya na ɗan lokaci yana neman farko, ko babu wata manhaja a buɗe. In ya yi haka ya tsaya shiru, ƙarfe da roba sun yi nasu.

Yanzu ne maganar direba ta zo. A Windows 98 ka buɗe jerin na'urori, wanda a Windows ɗin Faransanci da ya fi yawa a nan ake kira Gestionnaire de périphériques. Ka duba mai kula da disket, kada a ga alamar rawaya a kansa. Shi IRQ 6 da DMA 2 yake amfani da su, wato lambobin hanyoyin da yake magana da kwamfuta ta cikinsu, in wani kati, kamar na sauti, ya hau ɗaya daga ciki, kaset ba zai yi magana ba. Manhajar ajiya ta Windows 98 tana aiki da wani fayil mai suna drvwq117.vxd da ke cikin Iosubsys a ƙarƙashin System, ka duba yana nan. Matsalar direba ta gaskiya da na fi gani ita ce manhajar ajiya biyu a kwamfuta ɗaya, kowace ta zuba nata direban, suna jayayya a kan inji ɗaya. Don haka ka bincika wace ce mahaifinku ya yi amfani da ita. Wataƙila wadda kake buɗewa ba ita ba ce. Kaset ɗin da ke ɗauke da shekarun farkon 1990 ba a Windows 98 aka rubuta su ba, ta yiwu da manhajar DOS ce, wato tsohon tsarin kwamfuta na rubutu zalla, da ta zo tare da injin. Ka duba jakunkunan fayilolin da ke faifan C, za ka iya ganin sunanta. In ta DOS ce, ka tashi kwamfutar a DOS zalla ka buɗe ta, kada ka buɗe ta a tagar Windows.

In duk wannan ya ƙi, akwai hanyar Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ake sawa a madadin Windows. Direban waɗannan injuna sunansa ftape, an cire shi daga Linux a fitowar 2.6.20 a 2007, amma tsofaffin Linux suna da shi. Amfaninsa shi ne yana kwashe ɗanyen abin da ke zare zuwa fayil ɗaya, daga baya a zauna a warware shi ba tare da an sake wahalar da kaset ba. Wannan aikin wanda ya saba ne.

Ga masu karatu da injinsu ba irin wannan ba ne, a taƙaice. Mai shiga ta bakin firinta, a gwada sauya yanayin bakin a BIOS tsakanin EPP da ECP. Mai wayar IDE, kamar Travan na baya-baya, a duba jamfa, ƴar hular ledar da ke kan ƙusoshin bayan na'ura, kada na'ura biyu a waya ɗaya su zama shugaba. Mai SCSI, kamar ƙananan kaset ɗin DDS da Sony da HP suka fito da su a 1989, kowace na'ura da lambarta, kati yakan riƙe 7, kuma dole a toshe ƙarshen wayar biyu da abin toshewarta. Yawancin ciwon SCSI daga nan yake.

Ranar karatu

Ka ɗauka cewa kowane kaset sau ɗaya zai yarda a karanta shi. A kusurwarsa akwai ɗan makulli da aka rubuta RECORD da kibiya, ka tura shi saɓanin kibiyar, yadda ko an yi kuskure inji ba zai iya rubutu ba. Ka haɗa kwamfutar da ondilar, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, mai batir lafiyayye, domin karatun kaset cikakke yana wuce rabin awa, kuma ɗaukewar wuta a tsakiya tana iya sakin zare. Ka zaɓi sanyin safiya ko bayan isha'i. A watan Afrilu da Mayu, da zafin garin nan ke haura digiri 40, ba na karanta kaset da rana. A rufe taga saboda ƙura, kaset kuma su kwana a ɗakin da za a yi aikin.

Kada ka fara da wanda ya fi daraja. Masu ajiya irin ta mahaifinku sukan kwashe komai ne kowane lokaci, don haka kaset mai shekarar ƙarshe shi ya fi yiwuwa ya tara duka. Shi za ka bari sai inji ya nuna amincinsa. In ka sami wani kaset na banza ka fara da shi, in babu, ka ɗauki wanda shekararsa ta fi nisa da abin da kuke nema.

In manhaja ta ce kaset ba a tsara shi ba, ta tambaya ko ta tsara, amsar a'a ce, kullum. Tsarawa shafewa ce. In ta ce ba ta da kundi, ka umarce ta ta gina shi daga kaset. Wajen mayar da fayiloli ka zaɓi sabon wuri, kada su hau kan na asali da ke faifai. Kunnenka ya kasance a kan injin. Tafiya doguwa, juyowa, tafiya doguwa, wannan lafiya ce. In ka ji yana kai da komo a wuri ɗaya kamar mai goge takalmi, ya kasa karanta wurin ne yana maimaitawa, kuma kowace maimaitawa cin zare take. Ka tsayar. Bayan kowane kaset ka goge hed ka dubi audugar, in ta fito ƙasa-ƙasa sosai, zaren yana zuba ne.

Abin da ya fito ka kwashe shi nan take zuwa wuri uku, ɗaya a wani gida daban, kuma ka bincika shi da maganin ƙwayar cuta ta kwamfuta. In fayilolin tsofaffin Word da Excel ne, ko Lotus, ko WordPerfect, ko dBase, LibreOffice tana buɗe da yawansu, kuma kyauta ce. Waɗanda suka shafi gado a buga su a takarda a miƙa wa manyanku. Za su nuna muku inda fili yake da wanda ake bi bashi, amma asalin takarda mai hatimi da shaidu su ne hujja a gaban alƙali.

Daga nesa ba zan iya yi maka alkawarin kaset tara za su fito duka ba. Wanda bel ya ɗauke wa fata ya tafi, kuma in mahaifinku ya sa kalmar sirri a ajiyar, sai an nemo ta a littattafansa. Amma kaset da aka ajiye a kwali, a busasshen ɗaki, nesa da rana, na ga da yawansu sun karantu bayan an canza roba. Ka fara da kwashe faifan a makon nan. Sannan ka turo mini hoto huɗu: bayan injin inda waya ke shiga, tayar da ta narke da ma'auni a gefenta, kaset ɗaya a ɗage cikin haske yadda bel zai fito, da rubutun da ke allon kafin ka danna F1. Da su zan gaya maka girman tiyon da za ka nema da kaset ɗin da za mu fara da shi.